Lita 15 ta Iska a Ƙarƙashin Kujera

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Zariya zuwa Kano da tsakar dare a cikin a-kori-kura mai shan dizal ya san irin kukan da ke cika motar. Kuka ne mai nauyi, na inji da tayoyi da kwalta, wanda kunne kan saba da shi har mutum ya manta yana nan. Amma yana nan ɗin, kuma yana haɗiye duk wani sauti mai kauri irin nasa. In aka kunna waƙa, muryar mawaƙi takan fito, 'yan amshi su fito, ganga kuwa ta nutse. Direba ya ƙara murya, sai ƙarar sama ta riƙa sukan kunne, gangar dai tana can ƙasa ba labari.

Wannan ne ya daɗe yana damun wani direba mazaunin Dogarawa, a Ƙaramar Hukumar Sabon Gari. Bai cika shekara 40 ba, yana da tsohuwar Hilux mai ƙofa huɗu, kuma da ita yake ci da iyali. Da rani tumatir da tattasai na fadamar Galma, da kaka masara daga wajen Giwa da Soba, wani lokaci rake daga Maƙarfi. Kaya a baya, masu kayan a kujerar baya, kowa da kuɗin kujerarsa. Yawancin tafiyar ta dare ce, domin tumatir ba ya shiri da rana, kuma babban abokin gabar direban dare barci ne. Goro na taimakawa, shayi na taimakawa, amma abin da ya fi riƙe idonsa a buɗe shi ne kiɗa.

Kiɗan kuwa gado ne. Mahaifinsa ma direba ne, ya yi zamani da Fijo 404, a shekarun da kamfanin haɗa motocin Fijo na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya cika hanyoyin Arewa da motocinsa. Da ya rasu ya bar kwali guda na kasakasai: Shata, Ɗanƙwairo, Ɗanmaraya. Wasu ya saya a kasuwa, wasu kuma da hannunsa ya naɗa daga Rediyon Kaduna a ɗakin hayarsu na Sabon Gari, da wata rediyo mai cin kaset wadda ba a yarda yaro ya taɓa ba. Ɗan ya kai kwalin wurin masu tura waƙa, aka juye masa duka a memori ɗaya da bai kai farcen babban yatsa ba. Burinsa shi ne ya ji kiɗan a mota da nauyin da yake tuna yana da shi a ɗakin nan, lokacin yana ɗan shekara bakwai yana kwance a tabarma.

Sai ya yi abin da kowa zai yi. Ya shiga kasuwar Sabon Gari ya sayi wufa, wato lasifikar da aka ƙera don sauti mai kauri kaɗai, mai faɗin inci 12, da "wat 1,000" rubuce da jan fenti a kwalinta. Ya haɗa da amfilifaya. Daga nan ya nufi wurin wani dattijon kafinta a unguwarsu, wanda ya haura shekara 30 yana yin gadaje da sif na amare, kuma shi ya yi kayan ɗakin matar direban.

"Baba, akwati nake so a yi wa wannan, ya shiga ƙarƙashin kujerar baya."

Dattijon ya juya lasifikar, ya leƙa motar, ya gwada da tafin hannu, ya ce a dawo jibi.

Akwatin farko ya yi kyau a ido. An yi shi da falankin katako mai kaurin milimita 12, an buga ƙusoshi, an lulluɓe da baƙin kafet, har an huda masa rami a gefe, domin dattijon ya lura duk lasifikar biki tana da rami. Matsala ta farko, bai shiga ba. Gindin lasifikar, inda maganaɗisu yake, ya fi wurin zurfi, don haka aka ɗaga kujerar da guntayen katako. Matsala ta biyu, da aka kunna, abin da ya fito ya fi kama da dukan ƙyauren langa-langa. Ta uku ita ce mai tsada. A tafiya ta farko wani dillalin tumatir mai tsawo ya sha karo da rufin mota tun daga Kwangila har Kwanar Dangora, ya sauka yana cewa gobe a nemi wani. Kujera uku ce a baya, kuma kuɗinta ne kuɗin mai.

Direban yana da ƙanwa da ke karatun kimiyyar fiziks a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. Ta zo gida ƙarshen mako ta tarar da akwatin a zaure, yara sun mai da shi kujera. Ta nemi kwalin lasifikar, ta ciro wata 'yar takarda da babu wanda ya kula da ita, ta ce, "Yaya, ai ga abin da ya kamata a fara karantawa."

Abin da ta bayyana masa ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne gaba ɗayan maganar, kuma akasarin masu sayen wufa ba su taɓa jin sa ba. Lasifika faifai ne da ke kai da komo. In ya turo gaba, yana matse iskar da ke gabansa, a daidai lokacin kuma yana barin gurbi a bayansa. Sauti mai siriri, irin na sarewa, faifan na kaɗawa sau dubbai a sakan ɗaya, iskar ba ta da lokacin zagayawa. Sauti mai kauri kuwa a hankali yake. Sauti na tafiya kimanin mita 343 a sakan, don haka igiyar sautin da ke kaɗawa sau 40 a sakan tsawonta ya haura mita 8, ya fi motar kanta tsawo. Kafin faifan ya gama turowa, iskar da ya matse a gaba ta riga ta zagaya gefe ta cike gurbin baya. Abin da hannun dama ya bayar, na hagu ya karɓe. Shi ya sa wufa tsirara, in aka riƙe ta a hannu, za a ga faifan yana rawa kamar zai tsinke amma kunne bai ji komai ba. Aikin akwati na farko shi ne ya raba gaba da baya. Aikinsa na biyu, iskar da ke kulle a ciki ta zama matashi: faifan ya shiga, ta ture shi, ya fita, ta jawo shi. In iskar ta yi kaɗan, matashin ya yi tauri, sautin ƙasa ya ƙi fita. Saboda haka abin da ake ƙerawa a zahiri shi ne adadin iskar. Katako shinge ne kawai.

Da suka je wurin dattijon tare, ta ɗauka za ta sha wahalar fahimtar da shi. Bai bari ta kai ƙarshe ba.

"'Yata, kina nufin kamar ganga. Fata ɗaya ce, amma cikin icen ne ke ba ta murya."

Haka ne, kuma Bahaushe ya daɗe da sanin wannan da kunne. Kuntigin Ɗanmaraya Jos ɗan gwangwani ne da aka rufe da fata, muryarsa siririya ce don cikinsa ƙarami ne. Tamburan fada kuwa a ƙirji ake jin su kafin kunne. Bambancin kawai shi ne masassaƙin ganga yana da 'yancin zaɓen girman icensa, shi kuwa wannan akwati kujerar Toyota ce ta yanke masa iyaka tun daga masana'anta.

Turawa ma sun daɗe suna fama da wannan iyakar. Kafin shekarun 1950, wanda ke son sauti mai kauri a falonsa sai ya ajiye akwati kusan girman firij. A 1954 wani Ba'amurke, Edgar Villchur, ya fito da dabarar sassauta faifan sosai, a bar iskar da ke cikin ƙaramin rufaffen akwati ta yi aikin sifirin. Kamfaninsa, Acoustic Research, ya sayar da lasifikar AR-1 a kan wannan dabara, kuma duk rufaffen akwatin da ke ƙarƙashin kujerar mota a yau jikanta ne. Sai dai dabarar tana da farashi, wanda ake danganta bayaninsa ga Anton Hofmann na kamfanin KLH: abu uku mutum ke so, ƙaramin akwati, sauti mai zurfi, da ƙara mai yawa da wuta kaɗan, amma biyu kaɗai zai samu. Wanda ya zaɓi ƙaramin akwati da zurfi, sai ya biya da wutar lantarki. Daga baya Neville Thiele na Ostireliya, a wata maƙala ta 1961, da Richard Small a Jami'ar Sidni a farkon shekarun 1970, suka mai da abin lissafi, ta yadda daga 'yan lambobi kaɗan za a san lita nawa kowace lasifika ke buƙata tun ba a yanka katako ba. Lambobin nan ne ke kan 'yar takardar da aka jefar a kwali. Ta direban tana neman ƙafa ɗaya mai murabba'in ciki, wato lita 28 da 'yan kai, ta fi jarkar ruwa mai lita 25.

Ramin da dattijon ya huda shi ne ya fi ba shi kunya, ko da yake tunaninsa ba shirme ba ne. Akwati mai rami gaskiya ne, yana ma fi rufaffe ƙara. Amma ramin bututu ne mai ƙayyadadden tsawo da faɗi, yana aiki kamar yadda yaro ke hura bakin kwalba ta yi kuka, abin da masanin Jamus Hermann von Helmholtz ya yi bayaninsa tun ƙarni na 19. Girman kwalbar da tsawon wuyanta su ke yanke irin kukan. Ramin da aka huda da ka, ba wuya, yana kuka a sama da inda ake so, kuma duk sautin da ya yi ƙasa da wannan kukan, akwatin ya zama kamar babu shi, faifan ya riƙa dukan iska a banza har ya lalace. Yarinyar ta lissafa a bayan takardar: a ɗan wurin da suke da shi, in ana son bututu mai faɗin santimita 7.5 ya yi kuka a sau 40, sai tsawonsa ya kai kusan rabin mita, kuma shi kansa zai cinye sama da lita 2. Aka bar maganar rami.

Awon wurin ya ɗauki yamma guda. Ƙasan kujerar ba shimfiɗaɗɗe ba ne, akwai tudu a tsakiya, akwai ƙarafan da ke riƙe kujerar, kuma ɓangare ɗaya gidan jak ne da sifanar taya, wanda direba mai hankali ba zai kore su don waƙa ba. Dattijon ya yanka kwali ya yi ta gwadawa yana datsewa har ya fitar da siffar wurin. Bayan an bar santimita 3 a sama don faifan ya sami wurin motsi ba tare da ya taɓa soson kujera ba, abin da ya rage shi ne tsawo 60, faɗi 30, tsayi 17 a gaba da 13 a baya. A waje, lita 27 ke nan, direban har ya fara murmushi. Amma katako na da kauri. In aka yi da mai milimita 18, kowane awo ya ragu da santimita 3.6, sai cikin ya koma lita 17. Gindin lasifikar zai ci kusan 2. Saura 15.

Babu yadda za a yi mai inci 12 ta rayu a lita 15, ba ma za ta zauna a faɗin ba. Nan ne aka yi shiru mai tsawo. Mai shagon ya karɓi tsohuwar a kan ragi mai ciwo, tunda an riga an ɗaura mata sukurori, ya kawo wata mai inci 10 marar zurfi, irin wadda aka ƙera musamman don motocin da ba su da wuri. A kwalinta an rubuta wat 300, direban ya ji kamar an rage masa girma. Sai da ƙanwar ta nuna masa cewa 1,000 ɗin da ke kan ta farko adadin ƙiftawar ido ne, na talla, kuma a ƙasan takardar, da ƙananan haruffa, ƙarfin da take iya ɗauka a jere bai wuce na sabuwar da wani abin kirki ba.

A kan katako kuwa dattijon ne ya yi nasara. Duk abin da yarinyar ta karanta a intanet MDF yake cewa, wato allon garin katako da aka matse da gam, don yana da nauyi kuma ba ya amsa kuwa. Dattijon ya kai ta bayan shago ya nuna mata ƙafar wani sif da aka dawo da shi bayan damina ɗaya, ta kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi.

"Wannan motar tana ɗaukar mutane da takalman fadama, ana wanke ta da bokiti. Waɗanda suka rubuta abin da kika karanta, a ƙasan motarsu ruwa na kwana?"

Aka je 'yan katako aka zaɓo falanki mai kyau, mai milimita 18, wanda ba rami a tsakanin ɓawonsa. Wannan karon ba ƙusa. Gam a kowace gaɓa, sukurori a jere bayan an fara huda musu hanya don kada katakon ya tsage, sa'an nan silikon a duk kusurwar ciki, aka bar shi kwana guda ya bushe. Ko ramin da waya za ta fito sai da aka toshe. Dattijon, wanda duk rayuwarsa abin da ido ke gani yake gyarawa, ya ce bai taɓa ɓata lokaci haka a kan cikin abu ba.

Kafin a ɗaura lasifikar, yarinyar ta so ta tabbatar da lissafinta, tunda siffar ba ta miƙe ba. Aka aiko da gero daga gida. Suka riƙa aunawa da galan mai lita 4 suna zubawa ta bakin ramin, suna girgizawa. Galan huɗu suka shige, da ɗan abin da bai kai rubu'in na biyar cikakke ba. Almajiran shagon suka taru suna dariya, wai yau Baba ya sassaƙa mudun awon iska. Aka juye geron, aka sa 'yar audugar filo a ciki sakwa-sakwa, aka ɗaura lasifikar. Gwajin ƙarshe da yatsu ne: a danna faifan a hankali, a saki. In ya dawo nan take, akwai inda iska ke zurarewa. Ya dawo a hankali, kamar mai tashi daga sujada.

Saura wuta, kuma a nan ne abin zai iya cin motar ɗungurungum. Amfilifaya mai ba da wat 300 daga batir da altaneta masu ba da kimanin bolt 14 tana iya jan amfiya 25 zuwa 30. Wayar da aka haɗo masa da ita a kasuwa tana da kauri a ido, amma da mai wayarin mota ya kankare bakinta da wuƙa sai ga fari a ciki: alminiyam ne aka yi wa rigar jan ƙarfe, wanda ke ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe zalla ke ɗauka. A haɗin farko ma ba a sa fis ba, kuma wayar ta ratsa bangon ƙarfen da ke tsakanin inji da cikin mota ba tare da robar kariya ba, har ƙarfen ya fara cin rigarta. Da ta huje a kan hanya, batir zai zuba duk abin da ke cikinsa a wuri ɗaya, a ƙarƙashin ƙafar direba. Aka sauya waya, aka sa fis dab da batir, inda ya kamata ya kasance.

Ranar gwaji, a gaban shagon, aka fara da waƙoƙin zamani na fim, irin waɗanda ake haɗawa da fiyano da kwamfuta a situdiyon Kano. Madubin mota ya ɗauki rawa. Ƙaramin akwati ya yi abin da babban bai yi ba, kuma motar ce ta taimaka masa: in tsawon igiyar sauti ya fi ƙarfin ɗakin da take ciki, sautin ba ya tafiya, matse iskar ɗakin gaba ɗaya yake yi, don haka rufaffiyar mota takan ɗaga sautin ƙasa kusan daidai inda rufaffen akwati ya fara sanyi. In aka sauke gilashi, rabin daɗin ya fice. Kujera ta koma mazauninta. Dillalin nan mai tsawo ya dawo bayan mako biyu, bai ce komai ba.

Da dare, a ƙofar gida, bayan ya kashe inji, direban ya sa memorin mahaifinsa. A nan ne ya ji abin da bai yi tsammani ba. Kalangun Shata, wanda jami'ar da ƙanwarsa ke karatu ta ba digirin girmamawa a 1988, bai ƙara wani nauyi ba. Kalangu ganga ce mai magana, muryarta a tsakiya take, kusa da ta mutum, can sama da inda wufa ke aiki. Ƙananan na'urorin da aka naɗi kasakasan da su kuma ba su kama sautin ƙasa sosai ba tun asali. Nauyin da yake tunawa wataƙila na ɗakin ne, da tabarma, da ƙanƙantar mai sauraro. Makonni uku, da asarar lasifika guda, da fushin abokin ciniki, duk don waƙoƙin da ba su da abin da za su ba akwatin.

Amma akwatin bai yi shiru ba. A ƙarƙashin waƙar akwai wani gurnani siriri, madaidaici, ba ya hawa ba ya sauka. Ya ɗauka wayarin ne, ya sauya zuwa waƙar fim, gurnanin ya ɓace. Ya koma kan kasakasan da aka saya a kasuwa, babu. Sai a waɗanda tsohon ya naɗa da kansa.

Ya kira ƙanwar a waya, ta sa shi ya kara wayar a jikin kujera. Ta saurara, ta ce wutar NEPA ce. Lantarkin Nijeriya yana kaɗawa sau 50 a sakan, kuma 'yar taransifomar da ke cikin irin waɗannan rediyoyi takan zubo wannan kaɗawar a kan kaset lokacin naɗi. Lasifikar rediyon ba ta iya fitar da shi, ta ƙofar mota ma da ƙyar, ga kukan inji a kai. Yana kwance a kan zaren fiye da shekara 30. Ta ce akwai maɓalli a jikin amfilifayar da zai rage shi, in ya kawo motar Samaru za ta nuna masa.

Akwai wani kaset na Ɗanƙwairo da ya haddace tun yana yaro, har da inda waƙar ke yankewa a tsakiya ta ci gaba bayan an tsallake 'yan baituka. Ya daɗe da ɗauka lalacewar zare ce. Ya nemo shi, ya kai wurin. Kafin yankewar, gurnanin yana nan. Bayanta, babu shi, waƙar tana tafiya a kan shiru. An ɗauke wuta ke nan a daren, tsohon ya laluba cikin duhu ya zare igiyar daga bayan rediyon don ta koma kan batir, ya sake danna maɓallan naɗi guda biyu.

Ya mayar da wurin baya ya sake ji, sau uku. Matarsa ta leƙo ta ce tuwo na hucewa, kuma ƙarfe biyu zai tashi lodi a Galma. Ya ce yana zuwa. Zancen kai motar Samaru kuwa, har yau bai tayar da shi ba.